Layi Ɗari Huɗun da Ruƙayyatu Ta Goge

Unguwar Jahun, Bauchi
3 ga Yuli

Na gaya wa kowa! Wallahi Amarya, ban ma kai ƙarshen takardarki ba na gaya wa kowa. Ina ganin inda kika ce an karɓi aikinki, an sa shi cikin babban rubutun da ke tafiyar da kwamfutoci da wayoyi, sai na naɗe takardar na jefa aljihu na fita. Liman ya ji. Masu zaman bakin masallaci sun ji. Mai keken da ya dawo da ni daga Wunti ma ya ji, har ya wuce kwanar gidanmu saboda sauraro.

Af, ga shi ban gaishe ki ba. Assalamu alaikum, jikata Ruƙayyatu. Ina fata kina lafiya, ke da mutanen Kigali baki ɗaya. Mu nan lafiya lau. Gwiwar nan tawa tana nan da halinta, amma yau ban ji ta ba. Kakarki Yagana tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko ana samun daddawa a can. Ruwa ya zauna sosai, masarar gonarmu ta Zungur ta kai ƙugu.

Kin ce in riƙa yi miki magana ta waya in huta. Ban yarda ba. Ina da shekara hamsin da biyu na shiga ajin yamma, shekara uku ina zama a bencin 'yan firamare gwiwoyina na taɓa haɓata, ba don in ƙare da yi wa waya surutu ba. Zan rubuta da hannuna, Madam Roda mai shagon buga takardu a Wunti ta ɗauki hotonsa ta tura miki, naki kuma ta buga mini. Haka muka fara, haka za mu ci gaba.

To, ga maganar. Kin san bara da babanki Sabitu ya ce ba za ki tafi ba, ni na tsaya. Na ce a ba ki shekara guda. Idan ta cika ba ki da abin nunawa, ni da bakina zan ce ki dawo ki karɓi aikin da ya samo miki a ofis. Shekarar za ta cika ƙarshen Agusta, kuma gurbin yana nan, kullum sai ya tuna mini. Yanzu kuwa ga abin nunawa Allah ya kawo.

Ki rubuto mini inda zan danna sunanki ya fito, in kai wa babanki har ofis. Wayata ƙarama ce, amma ta Alhaji Mijinyawa babba ce. Da tasa nake so a nuna, tun da shi ne kullum yake ce mini wasan yara kike yi a ƙasar mutane.

Angonki da bai tsufa ba,
Malam Ɗanlarai

Kigali
6 ga Yuli

Zuwa ga Kakana, ango mai furfura,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, na ji daɗin jin gwiwa ta yi sauƙi. Ka gaya wa Hajiya babu daddawa a nan, wake da ayaba ne safe da rana, har na fara mafarkin miyar kuka.

Kaka, don Allah ka ciro takardar nan daga aljihu ka karanta sauran. Amma bari in sake faɗa a hankali.

A ƙarƙashin duk abin da kake gani a fuskar waya ko kwamfuta akwai wani dogon rubutu na umarni, shi ke gaya wa ƙarfen abin da zai yi. Dubban mutane ne suka rubuta shi cikin shekaru masu yawa, kowa da ɗan sashensa. Sashen da aka ba ni shi ne mai kula da abin da na'ura za ta yi idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar ajiye wani abu. Wani dattijo ne a Turai ya rubuta shi shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma sashen yana aiki sarai. Damuwarsa guda ce: ba mai iya karanta shi. Ya sa wa abubuwa sunaye irin su x da xx da t2, kuma umarni ɗaya sai ya maimaita shi wuri biyar. Kowa tsoron taɓa shi yake yi, don ba a san abin da zai rushe ba.

Wata takwas na yi ina bin sa layi-layi har na gane shi. Na ba kowane abu sunan da ke faɗin aikinsa, na raba dogayen wurare gida-gida, na rubuta bayani a gefe. Na goge layi ɗari huɗu, na rubuta ɗari da sittin. Masu kula da sashen sun dawo mini da shi sau bakwai kafin su karɓa.

Saboda haka babu wurin dannawa, Kaka. Sunana yana can cikin kundin masu gyara, inda sai ma'aikata irina ke leƙawa. Kuma ba duk wayoyin duniya ba ne, ka rage wa Liman kaɗan. Abin da nake alfahari da shi ma shi ne na'urar tana yin daidai abin da take yi a da, babu abin da ya canza ko kaɗan. An gwada an sake gwadawa.

Ka gaishe da Baba, amma kada ka yi masa maganar tukuna.

Amaryarka,
Ruƙayyatu

Unguwar Jahun, Bauchi
11 ga Yuli

Ruƙayyatu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai gwiwar ta dawo, kuma na san dalili.

Na karanta takardarki sau huɗu, biyu da tabarau, biyu babu. Na ba Madam Roda ta karanta mini ko idona ne. Ba idona ba ne. Kin ce wata takwas kina aiki, kuma babu abin da ya canza. Kin kuma ce wannan ne abin alfahari. Amarya, ko dai akwai layin da injin Roda ya haɗiye?

Na yi lissafi. Ɗari huɗu a cire ɗari da sittin, saura ɗari biyu da arba'in. Wato kin je ƙasar mutane kin rage musu kaya. Sannan sau bakwai ana dawo miki da aiki! A nan idan aka dawo wa tela da ɗinki sau biyu, sai ya rufe shago ya ce ya tafi ta'aziyya.

Duk da haka na ce bari in gani da idona. Na ja Alhaji Mijinyawa muka je shagon Roda. Tun da kin ce aikinki na ɗaukewar wuta ne, na roƙe ta ta zare wayar wutar kwamfutarta mu gani. Ta ce, “Baba, ba don wannan farin gemu ba, da na faɗa maka magana.” Muna cikin haka sai Allah ya taimake mu aka ɗauke wutar da kanta. Kwamfutar ta mutu. Aka ta da janareta, ta tashi, kamar yadda take yi kullum. Muka zuba ido. Babu komai. Mijinyawa ya gyara hula ya ce, “To Ɗanlarai, ga aikin jikarka nan mun gani, Allah ya sa albarka.” Har gida yana dariya.

Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Maganar dattijon nan ce. Ke kin tashi a cikin gari, kin ga littattafan Liman na gado. Ɗalibi ba ya goge rubutun malami. Ko kuskure ya gani ƙiri-ƙiri, sai dai ya yi ɗan rubutu ƙarami a gefe, ya bar na malam yadda yake. Ke kuwa layi ɗari huɗu na mutumin da ya isa ya haife ki kika share, alhali da bakinki kin ce yana aiki sarai. Kin nemi izininsa? Yana da rai? Idan ya rasu, 'ya'yansa sun sani? Ban haifi Sabitu don ya haifi mai wulaƙanta manya ba.

Babanki ya zo ranar Juma'a, don maganar ta riga ta je masa, kin san bakin masallaci. Ya ce, “Baba, ina abin?” Na ce ana kan shirya shi. Ya yi irin murmushin nan nasa na ofis.

Ga shawarata. Tun da hannunki ya riga ya kai wurin, ki ƙara ɗan abu kaɗan. Idan wuta ta dawo, na'urar ta nuna sunanki ko na ƙiftawar ido ne, ko ta yi sallama. Layi biyu ai ba zai gagare ki ba, ke da kika goge ɗari huɗu.

Kakanki,
Ɗanlarai

Unguwar Jahun, Bauchi
24 ga Yuli

Ruƙayyatu,

Lafiya kuwa? Kwana goma sha uku ke nan. Kullum sai na hau keke na je Wunti, Roda tana hango ni take girgiza kai tun kafin in sauka. Babarki ta ce kun yi waya, lafiyarki ƙalau. To, ashe ni ne ba a yi da ni.

Idan dattijon ne ya kai ƙararki, ki faɗa mini gaskiya. Na riga na rubuta masa takardar ban haƙuri, Roda ta mayar da ita Turanci. Na ce masa yarinya ce, ba da gangan ta yi ba, kuma idan yana da kwafin layukansa a mayar masa da su. Na sayi hula mai kyau zan haɗa masa. Ki aiko mini da adireshinsa da girman kansa.

Babanki ya karɓo takardun kama aiki, suna kan teburinsa. Babarki ta sa an share ɗakinki an canza labule. Ni ban hana su ba. Na yi alkawari a gaban mutane.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Ɗanlarai

Kigali
27 ga Yuli

Kakana,

Ina gaishe ka, ina neman gafara. Lafiyata ƙalau. Fushi na yi, kuma ban so in rubuta maka da fushi ba. Kowa zai iya cewa ban yi komai ba in share, amma da na ga kai ma ka ce in liƙa sunana don a samu abin nunawa, sai da na yi kuka. Ba zan ƙara sunan ba, Kaka. Ba za su karɓa ba, kuma ko za su karɓa ba zan yi ba. Wata takwas na yi ina fitar da abin da ba shi da amfani daga wurin nan.

Dattijon yana da rai, kada ka aika masa da komai. Yana cikin masu duba aikin. A cikin dawowa bakwai ɗin nan, biyar nasa ne, kuma kowane karo cewa yake in ƙara gogewa. A ƙarshe ya rubuto cewa shi kansa ya yi shekaru bai gane abin da ya rubuta a wurin ba. Tsohon rubutunsa kuma bai ɓata ba, yana nan a ajiye da sunansa, duk mai so zai gani. A wannan aikin haka ake girmama malami: a gyara nasa yadda na baya za su iya ɗauka su ci gaba.

Na haɗo maka shafi biyu, Madam Roda ta buga maka. Wuri ɗaya ne, na farko yadda yake a da, na biyu yadda na mayar da shi. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Na san ba shi Baba yake jira ba.

Idan bai isa ba, ka ce in dawo, zan dawo. Mutanen nan sun ce in zauna, akwai wani sashen da ya fi wannan rikicewa, kuma Allah ya sani ina so. Amma kai ka tsaya mini lokacin da kowa ya ƙi, ba zan sa a ce Malam Ɗanlarai ya yi magana biyu ba.

Hular ka sa abarka, ta fi dacewa da ango.

Jikarka,
Ruƙayyatu

Unguwar Jahun, Bauchi
6 ga Agusta

Amarya,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Ki zauna ki karanta wannan har ƙarshe, kada ki yi irin tawa.

Kwana biyu na yi da shafukan nan a kan tabarma. Ban gane ko ɗaya ba, kada in yi miki ƙarya. Turancina na allon asibiti ne da na tasha. Amma na lura da abu guda. A na biyun ina iya haɗa baƙaƙe su ba ni kalma, ko ban san ma'anarta ba. A na farkon kuwa bakina ba ya samun abin kamawa, sai ka ce kaji sun bi ta kan tawada.

Nan na tuna da Malama Juliana, wadda ta koyar da mu a ajin yamma. Ita ba ta karɓar littafi ta duba. Idan mun gama rubutu sai ta ce a yi musaya, kowa ya miƙa wa na kusa da shi, ya tashi ya karanta da ƙarfi. Idan mai karatu ya yi tuntuɓe, ba shi za ta ci gyara ba, mai rubutun za ta sa ya sake. Mun sha faɗa a kan wannan. Akwai wani direban tifa da ya kusa marina don na kasa karanta nasa, ya ce ai shi yana ganewa. Malama ta ce masa, “To ka tafi gida ka riƙa rubuta wa kanka wasiƙa.”

Sai na aika aka kira babanki jiya Asabar bayan la'asar. Na kira Liman da Mijinyawa su zama shaida, muka zauna a zaure. Ban gaya wa kowa wanne ne naki ba. Na ce, “Sabitu, kai ne mai Turanci a gidan nan. Ga takarda biyu. Idan ka karanta duka biyun, ko ka kasa duka biyun, yau zan rubuta mata ta dawo.” Wallahi Amarya, ni kaina ban san abin da zai fito ba.

Na miƙa masa ta farko. Ya sa tabarau. Ya matsa bakin ƙofa wajen haske. Ya bi da yatsa, ya koma sama, ya sake bi. Har mai gyaɗa ta shigo ta fita yana kan layin farko. Can ya ce, “Baba, wannan injin Roda ne ya lalace. A sake bugowa.”

Na ce to, ga ɗayar.

Ya duba kaɗan sai ya ce, “Yauwa, wannan ai magana ce.” Ya fara yi mana fassara. “Nan ana tambaya ne, wuta ta ɗauke? In ta ɗauke, a duba ko akwai aikin da ba a gama ajiyewa ba. In akwai, a sa masa alama. Ga shi ma an yi bayani a gefe, wai don in wuta ta dawo a san inda aka tsaya, kada a ɗauki rabin abu a ce cikakke ne.” Ya ɗago yana kallonmu kamar shi ya ƙera na'urar.

Mijinyawa ya ce, “Ikon Allah! Sabitu, ashe kai ma ka iya kwamfuta?”

Babanki ya ce, “Haba Alhaji, wannan ai kowa ya duba zai gane.”

Na ce, “To, abu ɗaya ne da na farkon.”

Ya ce ba zai yiwu ba. Na ba shi takardarki ya karanta da kansa. Ya ɗauki shafin farko a hannun hagu, na biyu a dama, yana duba wannan yana duba wancan. Liman yana ta murmushi cikin gemu. Sai babanki ya ce, “Daga wannan ta fitar da wannan?” Na ce ƙwarai. Ya ce, “Ita kaɗai?” Na ce da wani dattijo mai dawo da aiki. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, “Baba, ka ce mata ta zauna. Gurbin zan ba su haƙuri.” Ya ninke shafinki ya sa a aljihun gaba zai fita da shi, sai da na ce ya ajiye mini kayana ya je Wunti ya bugo nasa.

Mijinyawa bai haƙura ba. A bakin ƙofa ya ce, “Amma dai wayata tana nan yadda take.” Na ce, “Ai shi ne aikin!” Da ƙarfi na faɗa. Tsakanina da ke, har yanzu ban gane dalilin da ya sa wannan ya zama abin murna ba, kuma ban gane yadda mutum zai ce a ƙara goge masa rubutu ba. In kin zo hutu kya yi mini bayani a hankali. Ki yafe mini maganar liƙa suna.

Na kai shafukan an sa musu gilashi, na rataye su a zaure, tsohon a hagu, naki a dama. Juma'a mai zuwa bayan an sauko, kakarki za ta toya mana masa, wainar nan tata, da miyar taushe. Na gaya wa Roda ta rufe shago ta zo. Na aika unguwar Yelwa a ɗauko Malama Juliana a keke, ta tsufa amma idonta garau. Ke ma ki sanar da naki mutanen na can, duk wanda hanya ta biyo da shi Bauchi ya tambayi gidan Malam Ɗanlarai a Jahun. Sharaɗina guda ne, ba mai taɓa masar nan sai ya tsaya ya gwada karanta na hagu tukuna. Zaure a buɗe yake, kowa ya zo ya gani!

Angonki,
Malam Ɗanlarai